Fanka Uku Masu Kallon Ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda shi ne shugaban kwamitin iyaye, shi ne shugaban kwamitin sayayya, shi ne kuma shugaban kwamitin da aka kafa don ya binciki abin da kwamitin sayayya ya sayo, Allah ya ƙara wa kafaɗunka faɗi, mai girma shugaban makaranta, uwarmu ma'aji, malamai maza da mata, masu haƙuri da 'ya'yan da mu muka haifa muka kasa haƙuri da su, manyan baƙi da ke kan kujeru masu soso, ƙananan baƙi da ke kan benci, 'yan'uwana iyaye, ɗalibai da aka jera tun da hantsi don su tafa wa abin da ba su ji ba, sai kuma babban masaninmu, wanda duk unguwa take kira Masani har shi kansa ya fara manta sunan da aka raɗa masa. Ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, kowa da girmansa.

Godiya ta farko ga Allah da ya tara mu lafiya. Ta biyu ga iyayen da suka haɗa hannu aka gyara ɗakin kwamfutar da za a buɗe yau. Ta uku kuwa, wadda ta fi fitowa daga zuciyata, ga wanda ya manta bai cire sunana daga cikin masu jawabi ba. An ba ni jawabin godiya a madadin iyaye tun ana ɗasawa da gidana. Da magana ta ɓaci, shugaba ya zaci sakatare ya cire ni, sakatare ya zaci shugaba ya cire ni, ga ni kuma a gabanku da abin magana a hannu. Duk mai cewa kwamiti ba shi da amfani, yau ya ga amfaninsa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne mai shagon katifa na bakin titi. Makaranta na shige ta, amma ban daɗe ba ta gane ni na gane ta, muka rabu ba tare da riƙe juna a zuciya ba. Saboda haka in kun ji na kira wani abu da sunan da ba nasa ba, ku yi mini uzuri. Sai dai maganar yau a kan kati ce, kuma tsakanin kati da katifa "fa" ce kawai. Sannan maganar ta shafi kwanciya da tsayuwa, ni kuwa shekara da shekaru ina cin abinci da kwanciyar mutane. Ina ganin ba a yi kuskuren gwani ba.

Bari in faɗi abin da kowa ya sani, kowa kuma ya sunkuyar da kai don kada a faɗa. An sayo kayan babbar kwamfuta domin yaranmu su koyi zane da haɗa bidiyo. 'Yata, tsohuwar ɗalibar wannan makaranta, ita ta harhaɗa ta. A gida Sukudireba muke kiranta, domin tun tana rarrafe babu rediyon da ya shigo gidanmu ya fita ba ta ga hanjinsa ba. An yi mata alkawarin ita za ta zama malamar ɗakin. Yanzu an ce katin hoton da aka ba ta, wato na'urar da ke sarrafa hoto da bidiyo, wanda ya fi komai tsada a cikin kayan, ba shi ne a cikin kwamfutar ba. Ba a ce ta yi sata ba, Allah ya kiyaye, mu mutanen kirki ne. An dai ce "akwai abin dubawa." An rataye alkawarin aiki, an kulle ɗaki, an kuma shaida mini cewa da na sauka daga nan za a sanar da neman wani malami. To kafin in sauka ina da 'yan maganganu.

Magana ta farko, mene ne a cikin akwatin.

Na sani ne domin a kan teburin falona aka haɗa shi, ni ne kuma mai riƙe tocila, muƙamin da ban taɓa samun wanda ya fi shi ba a harkar ilimi. Akwati ne dogo a tsaye, gefe ɗaya ƙarfe, gefe ɗaya gilashi. A jikin bangonsa na ciki ake ɗaure wani faffaɗan allo mai birane da tituna a kansa, shi ake kira madabod, wato uwa, domin kowa a jikinta yake rataye, kowa ta bakinta yake ci, in abu ya lalace kuma ita ake fara zargi. Daga sama akwai ƙwaƙwalwar, 'yar mitsitsiya, an ɗora mata ƙaton abin fifita kamar jaririn masu hali. A gefenta wasu 'yan sirara a jere, an ce su ne masu riƙe abin da ake cikin yi kada a manta. Na roƙi a sa mini ɗaya, aka ce babu gurbinsa a kaina. Ƙasa da ƙwaƙwalwar kuma akwai wani dogon gurbi a gicciye, nan ne mazaunin katin hoto, domin shi ya fi kusa da ƙwaƙwalwa, hanyarsa kuma ta fi faɗi.

Shi kuwa katin, jama'a, sunan ne kawai kati. Na ɗauka abu ne da za a sa a aljihu, sai ga wani gungume kamar bulo. Fuska biyu gare shi. Ɗaya kyakkyawa, fanka uku a jere, ita ce aka buga a jikin kwali. Ɗayar baƙin ƙarfe ne shafal, babu ado babu kwalliya, kamar ƙeyata. Ina riƙe da tocila yarinyar nan ta ɗauko shi da hannu biyu, ta kifa kyakkyawar fuskar tana kallon ƙasa, ta tura shi cikin gurbi har ya ce ƙas, ya fito daga jikin madabod a kwance kamar kanta a jikin bango. Ta kawo wani ɗan tokari ta sa a ƙarƙashin ƙarshensa, wai nauyinsa kan sa ya lanƙwasa a hankali ya wahalar da gurbin. Wannan kam na gane shi nan take, ni ma abin da ya sami bayana ke nan, ba wanda ya tokare ni.

Na ce, "Ke, kin juya shi."

Ta ce, "Baba, haska nan. Ka ga tsagar nan a bakin katin? Ka ga haƙorin nan a cikin gurbin? Hanya ɗaya yake shiga. In na juya shi sai dai in karya."

Na ci gaba da aikina na tocila.

Magana ta biyu, me ya sa haka.

Ban haƙura ba, domin ni ɗan kasuwa ne, ban taɓa ganin inda ake kifa fuskar haja ba. Ta yi mini bayani, zan kuma maimaita gwargwadon abin da ya maƙale. Ta ce a da can kwamfuta a kwance take a kan tebur, ana ɗora mata allon kallo a ka. A lokacin madabod tana shimfiɗe a ƙasan akwati, katuna kuma suna tsaye a kanta reras. Daga baya aka ga tana cinye tebur, sai aka miƙar da akwatin tsaye aka ajiye shi a gefe, ba tare da an sake tsarin cikinsa ba. Da uwa ta tashi tsaye, sai ɗan da yake tsaye a kanta ya koma kwance, fuskarsa ta kalli ƙasa. Tun daga nan masu yin madabod da masu yin akwati da masu yin kati suka ci gaba a kan haka, domin kayan wannan ya shiga cikin na wancan. Ta ƙara da cewa abin ma bai zo da asara ba, fankokin suna jan iska mai sanyi daga ƙasa, zafi kuma dama sama yake nufa.

Mai ɗakina tana bakin ƙofa tana jinmu. Ta ce wannan ai ba sai an je makaranta ba, uwa a tsaye ɗa a kwance, haka yake a kowane gida. Ta faɗa tana kallona, alhali ni ba ɗanta ba ne. Na gyara kwanciyata, domin mai sayar da katifa dole ya riƙa gwada hajarsa.

To jama'a, ga abin da na koya, ni da makaranta ta sallama da wuri: ba 'yata ce ta kifa katin nan ba. An kifa shi tun kafin a haife ta. In akwai wanda za a kafa wa kwamiti, to wanda ya fara tayar da akwati tsaye ne, ina kuma goyon bayan a nemo shi duk inda yake.

Magana ta uku, ranar da aka zo dubawa.

An kawo kwamfuta makaranta, an ajiye ta inda ake ajiye irinta, a ƙarƙashin tebur, a kan 'yar kanta da ba ta fi taƙi ɗaya daga daɓe ba. Kwamiti ya iso cikin manyan kaya, guga kamar wuƙa. Aka tsaya aka kewaye tebur, aka leƙa ta gilashi daga sama. Wanda ya leƙa daga sama me zai gani? Ƙeya zai gani. Baƙin ƙarfe shafal. Aka dubi kwali, ga fanka uku. Aka dubi gilashi, babu ko ɗaya. Aka sake duban kwali, wataƙila ko sun koma.

Nan Masani ya gyara murya. Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai sayar da rigunan waya da caja a kusa da shagona, mutumin kirki, maƙwabci nagari, kuma duk abin da ke da waya a jiki, daga tukunyar lantarki zuwa jirgin sama, ya san shi. Ya zaro wayarsa ya nuna wa kwamiti bidiyo: ga kwamfuta, ga kati a tsaye yana fuskantar gilashi, fankoki na juyawa, fitilu na walƙiya kamar motar amarya. Ya ce haka na gaske yake. Ya kara kunne a jikin tebur, ya ce bai ma ji ƙarar fanka ba.

Yarinya ta ce fankokin suna ƙasa, kuma ba sa juyawa sai aiki ya yi nauyi katin ya ɗumama. Masani ya yi dariya ya ce, "Yarinya, ina kika taɓa ganin fanka tana kallon ƙasa?"

Jama'a, a lokacin da ya yi wannan tambaya, shi da kwamiti gaba ɗaya suna tsaye a ƙarƙashin fankar silin. Tana kaɗa musu huluna. Ina roƙon kowa a zauren nan ya ɗaga kai ya dubi sama, ya faɗa mini ina waɗannan suke kallo. Na gode. Ku sauke, kada wuya ya riƙe.

Ta ce a durƙusa a leƙa. Ta ce ko a ba ta izini ta jawo akwatin ta buɗe. Aka ce a'a, kada wanda ake magana a kansa ya taɓa abin da ake magana a kai, wannan ƙa'idar bincike ce. Madalla da ƙa'ida. Aka kulle ɗaki, aka kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna, ya sha lemo, ya ɗage zama. Ya sake zama, ya kafa ƙaramin kwamiti. Ƙaramin kwamiti ya ba da shawarar a gayyato ƙwararre daga nesa, ƙwararre ya ce yana tafe, har yau yana tafe. An yi zama a ofis, an yi zama a falo, an yi zama a ƙarƙashin bishiya, zama iri-iri an yi shi, ban da durƙuso. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma masu karin maganar ba su faɗa mana yadda za a yi da abin da ke ƙarƙashin tebur ba.

Magana ta huɗu, domin kada a ce na zalunci maƙwabcina.

Bidiyon Masani ba ƙarya ba ne. Na tambayi yarinya, ta ce ƙwarai ana tsayar da kati ya fuskanci gilashi. Ana sayen wata shimfiɗaɗɗiyar waya mai kama da ɗamara, a jona ta a gurbin, a kawo katin gaba a kafa shi a kan wata maɗora. Akwai ma akwatunan da ake juya madabod ɗin kai a ƙasa, kati ya kalli sama. Duk ana yi. Sai dai tsayarwar tana son akwati mai faɗi, namu kuwa siriri ne, wanda kwamitin sayayya ya zaɓa da hikimarsa. In aka tsayar da kati a cikinsa, fankokin za su manne da gilashi kamar yaro a tagar shagon alewa, su nemi iska su rasa, zafi ya taru, aiki ya yi sanyi.

Ashe tun kafin a haɗa kwamfutar an yi wannan magana. Shugaba, kai ka kira ta a waya, kuma a gabana ta amsa. Ka ce kana so katin ya tsaya, domin iyaye su ga abin da suka saya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in na tsayar da shi a wannan akwatin, zai tsaya." Ka ce madalla, haka ake so, ka kashe waya. Kai ka tafi da murna za a yi maka tsayuwar soja, ita ta zauna da murna ka fahimci tana nufin tsayuwar agogo. Kowa ya ji Hausa, babu wanda ya ji magana. Ni da nake zaune a wurin ina jin ku duka biyun, na gyaɗa kai kamar na gane, domin in masu ilimi suna magana abin da na iya ke nan. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ni da Masani tela ɗaya ya ɗinka mana shi, bambancin kawai shi nasa yana da bidiyo.

Ina ganin shugaba yana duban agogo. Bai tsaya ba, ranka ya daɗe, yana tafiya. Saura kaɗan.

Magana ta biyar ba ta kwamfuta ba ce, ta gidana ce.

Ku a wurinku "akwai abin dubawa" kalma uku ce da aka faɗa a ɗaki aka tashi. Amma magana zarar bunu ce. Kafin ta iso bakin titi ta zama "an ce ta canza," kafin ta tsallaka titi ta zama "ta sayar," kafin ta kai layinmu har an san wanda ya saya da launin motarsa. Wani maƙwabci da ya kawo mata kwamfutarsa gyara ya zo ya karɓe abarsa ba a gama ba, ya tsaya a ƙofar gidana yana jijjiga ta a kunne, ko zai ji abin da ya ragu. Wata mata ta zo shagona, ta danna katifa, ta danna, ta dube ni ta ce ko soson da ke ciki shi ne wanda aka rubuta a jiki. Har katifata ta shiga bincike. Wannan ban damu ba, na farke mata gefe ta gani, ta kuma tafi ba ta saya ba.

Abin da ya dame ni shi ne gidana ya yi shiru. Yarinyar da in tana gida ba ka rasa jin ƙarar ƙusa ta faɗi a daɓe, ba ka rasa jin tana faɗa da wani inji kamar yana jinta, yanzu ta tattara kayan aikinta ta sa a jaka ta tura ƙarƙashin gado. Agogon bangonmu ya lalace, ya kwana ya wuni a lalace, ba ta ko dube shi ba. Ni da na shekara ashirin ina addu'ar Allah ya kawo ranar da za a bar kayan gidana su huta, da ranar ta zo sai na ga ba ita nake nufi ba.

Na ce mata ta bari in je in sami shugaba a gida. Ta ce kada in je roƙo, ba ta yi abin da za a roƙa mata ba. Na ce to ta zo taron yau. Ta ce in zo ni kaɗai. Da na matsa, sai ta ce, "Baba, ba aikin ne ya fi ci mini rai ba. Sun koyar da ni a makarantar nan. Sun san ni tun ina ƙarama. A cikinsu duka an rasa mutum ɗaya da zai ɓata gwiwar wandonsa saboda ni."

Ni mai barkwanci ne, duk unguwa ta sani, ko a gidan makoki sai an roƙe ni in yi shiru. Ranar na laluba ban sami abin faɗa ba.

Kada a ce uba ne, dole ya kare 'yarsa. Ƙwarai uba ne, shi ya sa ban ce ku yarda da ni ba. Shaidar uba ba ta da nauyi, balle uban da tocila kawai ya riƙe. Ban ce ku yarda da ita ba. Ban ce ku ƙaryata Masani ba. Ban ce a ba ta aiki don an tausaya mini ba, in ba ta cancanta ba a ba wanda ya cancanta. Abu ɗaya na zo nema: gani ya kori ji. Ɗakin nan yana bayan wannan bango. Kafin a yanke ƙyallen da aka ɗaura a ƙofarsa, kafin a sanar da neman wani malami, mutum ɗaya daga cikin manyanmu ya shiga, ya kai gwiwa ƙasa, ya kwantar da kai, ya leƙa ƙarƙashin baƙin ƙarfen nan. In bai ga fanka uku ba, ni da kaina zan kamo hannunta in kawo muku ita, in kuma rufe shagona in bar unguwar. In kuwa ya gani, to a faɗa a nan, da wannan abin maganar, da ƙarfin da ya kai na raɗar da aka yi.

Na san uzurin, domin ni ma ina da shi: gwiwa ta tsufa, kaya farare ne, daɓe da sanyi, ga idon yara. Saboda haka na zo da guntun soso mai kauri, mai kyau, irin wanda ba na ragi a kansa, yana nan a jingine a bayan kujerata. Kyauta ne ga kwamiti. An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma duk wanda ya durƙusa zai tashi da tsawonsa, ban taɓa jin wanda ya rage ba.

Shugaba, ka yi haƙuri, na ga idon jama'a ya bar ni ya koma ƙofa.

Uwarmu ma'aji, sannu da dawowa. Ban ga fitarki ba, amma na ga shigowarki. Ga makulli a hannunki, ga ƙura a zanenki daidai gwiwa, ga kallabi ya karkace gefe ɗaya. Ke da kika girme mu duka, ke da ake riƙe wa hannu a matakala, ba ki ma jira soson ba. A'a, kada ki nuna mini yatsu daga can, ni na riga na gani tun a falona, kuma lissafina ba abin dogara ba ne. Ki ƙaraso a hankali, a ba ta hanya. Wani ya tashi ya ba ta kujera. Ba ni za ki faɗa wa ba, ga jama'a nan, ga kwamiti, ga maƙwabcina. Zan riƙe miki abin maganar, dama riƙo shi ne aikina.

Kafin ta iso, bari in yi abin da aka sa ni. A madadin iyaye ina gode wa duk wanda ya sa hannu a wannan ɗaki, da wanda ya bayar, da wanda ya yi niyya. Allah ya sa yaranmu su amfana da shi. Allah ya ba malamansu lada da haƙuri. Allah ya ba shugabanninmu lafiyar gwiwa. Allah ya tsare bakunanmu daga abin da idanunmu ba su gani ba. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa kada mu zama sanadin mutuwar zuciyarsu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya ba kowa barci mai daɗi, wanda kuma nasa ya ƙi zuwa ya san inda shagona yake.

Wani daga cikin malamai ya taimaka ya kira mini gida, a ce wa Sukudireba ta bar wayar a kunne.

Bismilla, uwarmu, ga abin magana.

Na gode.